Miji ɗaya, ɗaki biyu: yanda lissafin AA da AS da SS ya fito a wani gida a Kano

Gidan da zan yi bayani a kai gidan wani ɗan kasuwa ne a cikin Kano, ba zan kama suna ba balle unguwa. Mata biyu gare shi. Uwargida 'ya'yanta shida kuma duk garau suke, in ka cire zazzaɓin damina da kowa ke yi ba wanda ya taɓa kwana a asibiti a cikinsu. Amarya kuwa lokacin da maganar ta yi zafi 'ya'yanta huɗu ne ga cikin na biyar, kuma biyu daga cikin huɗun nan, na biyu da ta huɗu, masu sikila ne, wato amosanin jini. Uba ɗaya, tukunya ɗaya, randa ɗaya, amma ɗaki ɗaya kawai ciwon yake shiga. Ni bayoloji nake koyarwa a sakandare kuma akwai zumunci tsakaninmu ta wajen uwa, shi yasa duk takardar da aka karɓo daga lab sai an ɗauki hotonta an turo min a WhatsApp ance Malam duba mana, duk da ni ba likita bane, lissafin kawai na iya.

Yaron nan na biyu lafiya ƙalau aka haife shi, ɓul-ɓul da shi, aka yi suna aka watse. Sai wajen wata bakwai bayan hannunsa da ƙafafunsa suka kumbura suntum, yatsun suka ɗau zafi, ko bakin zani ya goge shi sai ya ƙwalla ƙara, baya kama nono baya barci, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Aka ce shawara ce aka jiƙa sassaƙe, aka ce sanyi ne aka yi ta gashi, sai da ya ɗashe fat aka kwashe shi sai asibiti, a can aka ƙara masa jini, daga baya gwaji ya nuna SS. Wannan jinkirin na wata shida zuwa bakwai ba haka kawai yake ba, jariri yana zuwa duniya ne da wani nau'in himogulobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin, na zaman ciki da ake kira F wanda shi baya lanƙwashe ƙwayar jini, to sai ya fara ja da baya na manya ya maye gurbinsa sannan ciwon ke fitowa fili. Shi yasa zaka ji iyaye suna rantsuwa da Allah lafiyayye suka haifa, daga baya ne aka yi masa wani abu.

Haka kuwa aka yi a gidan. Dangin amarya suka zuba wa uwargida ido, ai kishiya ce, nata shida reras ba abinda ya same su. Dangin miji kuma, Hajiya mahaifiyarsa da ƙannensa mata, suka ce mu a zuri'armu bamu san wannan ciwon ba, ga shaida nan a ɗakin uwargida, dan haka yarinyar nan ce ta taho mana da shi daga gidan ubanta. A ido hujjar tasu da ƙarfinta fa, miji ɗaya ne, mata aka canza sai ciwo ya fito, wa za'a zarga in ba wadda aka kawo ba. Matsalar ita ce abinda ido ke gani a jikin mutum rabin labarin ne, sauran rabin yana ɓoye a cikin ƙwayoyin gado.

Wanda ya fara gano haka da ƙidaya wani malamin coci ne, Gregor Mendel, a garin Burno da ke ƙasar Cek ta yanzu, daga 1856 zuwa 1863 yana ta haɗa barbarar waken Turawa, fis ɗin nan kore da ake zubawa a furai rais, ya buga sakamakon a 1866 ba wanda ya kula sai a 1900 bayan ya mutu. Ya ɗauki irin da ƙwayarsa mulmulalliya ce tsantsa ya haɗa da irin da ƙwayarsa yamusasshiya ce, 'ya'yan da suka fito dukkansu mulmulallu, ko ɗaya ba yamusasshe, sai kace halin ya ɓace. Da ya bar waɗannan 'ya'yan suka barbari kansu sai ga yamusasshe ya dawo a jikoki, ya ƙirga ƙwaya 7,324, mulmulallu 5,474, yamusassu 1,850, wato kusan uku da ɗaya. Abinda ya fahimta shine kowane hali kwafi biyu ne a jikin halitta, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, wani kwafin mai rinjaye ne ko shi kaɗai ne sai ya nuna kansa, wani kuma mai laɓewa ne baya fitowa sai ya haɗu da ɗan'uwansa irinsa, kuma in an zo haihuwa kowane mahaifi guda ɗaya tak yake bayarwa daga cikin biyun nasa.

A sikila A shine mai rinjaye, S mai laɓewa. Bambancinsu ɗan mitsitsi ne, a kan kuromozom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, harafi ɗaya ne ya canza a cikinta, sai amino asid na shida ya tashi daga gulutamik asid ya koma balin, shikenan. Amma in oksijin ya yi ƙasa irin wannan himogulobin ɗin sai ya manne da juna ya miƙe ya tanƙwara ƙwayar jinin ta yi siffar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, shine ciwon ƙashin nan da ke sa babban mutum kuka, kuma maimakon ƙwayar ta yi kwana 120 tana aiki sai ta mutu a kwana 10 zuwa 20, shine ƙarancin jinin da ruwan ɗorawar ido. Mai AS yana da A ɗin da ke riƙe shi, yana noma yana kasuwa yana buga ƙwallo, zai iya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba.

Toh daga nan lissafin da baya ake fara shi. Yaro SS ne, S biyu kenan, uwa guda ɗaya kawai zata iya bayarwa, ɗayan dole daga uba ya fito, babu wata hanya. Tunda iyayen biyu ba mai ciwo a cikinsu, kowanne AS ne. Da na faɗi haka sai Alhaji maigidan ya shiga ɗaki ya ɗauko wata tsohuwar takarda ta wani ƙaramin lab da ya taɓa zuwa shekarun baya, an rubuta da biro ɓaro-ɓaro jinotayif AA, ga hatimi ga sa hannu.

Nan ne abin ya so ya zama bala'i, dan in ka zana akwatin Punnett, ɗan tebur ɗin nan mai gida huɗu da Baturen Ingila Reginald Punnett ya fito da shi a farkon ƙarni na 20, ka jera haruffan uba a sama na uwa a gefe, AA da AS abinda zasu baka AA, AA, AS, AS ne, SS baya cikin gidajen sam. Kuma akwai 'yan boko a dangin da suka san wannan ɗin, daga nan suka tsaya basu ƙara gaba ba, sai aka fara ƙus-ƙus a tsakar gida, in shi AA ne to ɗan waye. Kunga yanda rabin ilimi da takarda guda ke iya jefa baiwar Allah cikin ƙazafi, yarinyar da ko ƙofar gida bata fita sai da izini. Gaskiya a ganina duk wanda ya iya zana akwatin nan ya kamata ya san cewa akwatin baya gyara ƙarya, abinda ka zuba masa shi zai dafa maka, in harafin da ka saka a sama kuskure ne duk gidaje huɗun kuskure ne.

Kuma takardar jinotayif tana yin kuskure fiye da yanda mutane suke zato. Wasu wuraren gwajin lanƙwasa kawai suke yi, a ɗiga jini a gilashi a zuba masa sinadarin da ke janye oksijin a leƙa ta madubin likita, in ba'a ga lauje ba sai a rubuta AA, alhali in sinadarin ya kwana biyu ba zai nuna komai ba ko da S ɗin na nan, sannan wannan gwajin baya bambance AS da SS kuma baya ganin C, wani nau'in himogulobin na daban, kwata-kwata. Wasu suna yin elektiroforesis, gwajin da ke ware nau'o'in himogulobin da lantarki, wanda shine daidai, amma ba tare da jinin da aka riga aka san matsayinsa a gefe dan kwatance ba, ko a musanya kwalabe, ko mutum bai daɗe da ƙarin jini ba jinin wani ya gauraya da nasa, shi yasa ake cewa a jira kamar wata uku bayan ƙarin jini. Akwai ma mai ɗauke da beta talasimiya, wani ciwon jini na gado daban, da takardarsa zata iya fitowa AA amma in ya haɗu da mai AS su haifi yaron da ciwonsa yake kama da na SS. Ga kuma masu sayen takarda dan kar aure ya lalace, wannan kowa ya san ana yi.

Aka lallaɓa Alhaji da ƙyar, dan shi gani yake ƙaryata takardarsa ake yi, aka je babban asibiti aka sake da injin HPLC wanda ke fitar da kason kowane nau'i da lamba. AS. A ɗin ya ɗan haura rabi, S ɗin wajen kashi 40 cikin 100, yanda ake ganin na masu AS. Ƙus-ƙus ya mutu a ranar, ko da yake ban ji wanda ya je ya ba amarya haƙuri ba. Wani abin kuma da ba wanda ya so a faɗa da ƙarfi shine shi ma Alhaji ba daga sama ya tsinci S ɗinsa ba, ko daga marigayi mahaifinsa ko daga Hajiya, ita ɗin dai mai cewa zuri'arsu ba'a san ciwon ba. Da jikarta ta ce Hajiya ke ma ki zo a gwada ki sai ta ce ita da ta haifi tara ta gama, jininta ba na wasan yara bane. Aka bar ta.

Sai kuskure na biyu, wanda a wajena shi ya fi na takardar tsada. Bayan an tabbatar AS da AS ne nas ta gaya musu cewa ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa SS, kuma gaskiya ta faɗa. Amma kafin maganar ta iso gida ta canza kama, wata gwaggon Alhaji ta ce toh Alhamdulillahi ai kun riga kun karɓi rabonku a kan wannan yaron, ta fari lafiya, na biyu shine ɗayan, saura biyu masu zuwa lafiyayyu ne, sai an shiga zagaye na gaba. Na uku ya zo lafiya, kowa ya ce kunga maganar Gwaggo. Ta huɗu ta zo, wata takwas hannu ya kumbura.

Ɗaya cikin huɗu ba rabo bane da ake kasaftawa tsakanin 'ya'ya, ƙuri'a ce da ake sake jefawa daga farko a kowane ciki. Ka ɗauki ƙwarya biyu, ta uba da ta uwa, kowacce da goro biyu a ciki fari ɗaya ja ɗaya, ka rufe ido ka zaro ɗaya daga nan ɗaya daga can. Fari da fari AA, ja da ja SS, gauraye kuma ta hanya biyu yake zuwa, farin uba da jan uwa ko jan uba da farin uwa, shi yasa AS ke da gida biyu cikin huɗu. Abinda Gwaggo ta manta shine bayan kowane zari goron komawa yake cikin ƙwaryar, uba bai rabu da S ɗinsa dan ya ba wani ɗa ba, kwafi ya bayar, ciki na gaba ƙwaryar cike take kamar ba'a taɓa taɓa ta ba.

In ka bi lissafin har ƙarshe, ka ɗauka gidaje 256 ne duk AS da AS kuma kowane gida 'ya'ya huɗu, abinda ake sa rai shine gida 81 ba za'a samu mai sikila ko ɗaya ba, gida 108 a samu ɗaya, gida 54 a samu biyu, gida 12 a samu uku, gida 1 kuma duka huɗun. Wato ɗaya cikin huɗun da mutane ke ɗauka doka ce ko rabin gidajen bata faruwa a ciki, 108 ne cikin 256, kimanin kashi 42. Ɗakin amarya yana cikin 54 ɗin nan, gida ɗaya cikin biyar kenan, ba wani abin al'ajabi bane balle a nemo boka. Kuma waɗancan 81 ɗin su ne ke ɓata lissafin jama'a, dan a cikinsu ake samun mai cewa ai ni da matata duk AS ne ga 'ya'yanmu huɗu ras, likitoci tsoratarwa kawai suke, kuma ba ƙarya ya yi ba a kan gidansa, sa'a ya taka, sai dai wanda ya ji ya kwaikwaya kashi 68 cikin 100 zai samu aƙalla ɗaya a haihuwa huɗu, in an kai takwas kuwa yanda ake yi a gidajenmu abin ya kai kashi 90.

Shi kansa Mendel sai da ya tara dubbai sannan uku da ɗayan ya fito masa sarai. A cikin rubutun nasa ya kawo shuka ɗaya da ta ba shi mulmulallu 43 yamusassu 2 kacal, wata kuma mulmulallu 14 yamusassu 15. Duk iri ɗaya, duk lissafi ɗaya. Ni a aji wannan wajen nake daɗewa, dan yara suna haddace 3 da 1 su rubuta a jarrabawa su ci maki, amma sai ka tambaye su gidan da ke da 'ya'ya huɗu nawa ne zasu yi ciwo su ce maka ɗaya da ƙarfinsu, amsar Gwaggo kenan da yunifom.

Ɗakin uwargida kuma kowa ya ɗauka an gama da shi, ai AA ce tunda shida ba ko ɗaya. Kafin gwaji wannan ma zato ne, dan ko da AS ce yiwuwar a haifi shida a jere ba SS ta kai 729 cikin 4,096, kusan kashi 18, ba ƙaramin abu bane. An gwada ta, AA ce ɗin da gaske, to nan hankali ya kwanta ta fuska ɗaya, ita da Alhaji ko ashirin zasu haifa ba SS. Amma akwatin nasu AA, AA, AS, AS ne, kowane ɗa rabi da rabi ne ya ɗauko S ɗin babansa, da aka bi su ɗaya bayan ɗaya huɗu suka fito AS biyu AA. Uwargida da ta ji sai da ta zauna, ita duk shekarun nan gani take ciwon ɗakin can ne bai shafe ta ba, ashe S ya fi yawa a ɗakinta in ana ƙirga kawunan masu ɗauke da shi a ɓoye. Su kuma lafiyayyun amarya biyu nasu lissafin daban ne, tunda an riga an san ba SS bane an cire gida ɗaya kenan saura uku, AA ɗaya AS biyu, dan haka biyu cikin uku ne su zama AS ba rabi ba. Ta fari AS ta fito, na uku AA.

Wani zai ce in S mugun abu ne haka me yasa ya cika gari, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa shine jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar duk shekara. Sauro ne. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga maleriya mai tsanani, to a ƙasar da maleriya ke kwashe yara tun zamanin kakanni masu AS ne suka fi rayuwa su hayayyafa. Ba wai basa kamuwa bane, kar wani ya cire gidan sauro. Kuma wannan na nuna laɓewar S ba ɗari bisa ɗari bace, ta fuskar ciwo ne A ya rinjaye shi, a cikin jinin kuwa duk biyun suna nan suna aiki, shi yasa inji ke iya ganinsu.

Maganar ta sake tashi ne da aka zo auren babbar 'yar uwargida, wadda tun tana firamare aka yi wa ɗan ƙanin Alhaji alkawarinta, auren zumunci, kuma yaran suna son juna tsakani da Allah ba dole aka yi musu ba. A lokacin ba'a kai ga gwada 'ya'yan uwargida ba, kuma ba dan dokar gwajin lafiya kafin aure da gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ba, wadda ta haɗa da jinotayif da ƙanjamau da ciwon hanta, ina jin da ba wanda zai ce a gwada, dan cewa ake ai ba daga ɗakin masu ciwon ta fito ba. Na zauna na yi musu lissafi kafin takarda ta fito. Ita rabi ne ta zama AS. Shi kuma babansa uwa ɗaya uba ɗaya suke da Alhaji, aƙalla rabi ne yana da S, ɗansa ya gada ɗaya cikin huɗu kenan, ka ƙara da abinda zai iya zuwa ta wajen mahaifiyarsa sai ya tashi kusan ɗaya cikin uku. Rabi sau ɗaya bisa uku sau ɗaya bisa huɗu, ɗaya cikin 24 a kowane ciki, alhali bare biyu da aka tsinto a titi ba'a san komai a kansu ba ɗaya cikin 64 ne. Zumuncin bai ƙirƙiro ciwon ba, kusanto da S biyu da suka fito daga kaka ɗaya kawai yake yi.

Takarda ta fito, ita AS, shi AC. Gidan ƙanin Alhaji aka hau murna, ba S an tsira, har an fara maganar ɗinkin anko. S ɗin dangi kam ya kauce masa, C ɗin ta wajen mahaifiyarsa ya zo, wadda a Zangon Kumasi aka haife ta kuma kakarta 'yar arewacin Gana ce, yankin da shi da Burkina Faso suka fi ko'ina yawan C a duniya, da aka gwada ta ita ma AC ce. Ba dan HPLC aka yi ba, da gwajin gilashin nan ne, AA za'a rubuta masa a wuce wajen.

C canji ne a daidai wannan gurbin na shida, sai dai shi laisin ne ya shiga maimakon balin. Ka zana akwatin, A da S a sama, A da C a gefe, gidajen su ne AA, AC, AS da SC, kowanne ɗaya cikin huɗu. SC kuwa sikila ce, a littafi da a asibiti, galibi ta fi SS sauƙi, jinin baya ƙasa sosai kuma wasu sai sun girma ake ganewa, amma tana da nata, tana taɓa jijiyoyin bayan ido har gani ya samu matsala, tana cinye kan ƙashin ƙugu saurayi ya koma ɗingishi, ga wahala lokacin goyon ciki. Wato dai haɗarin ɗaya cikin huɗun bai tafi ko'ina ba, nauyin ciwon ne ya ragu.

Aka yi zama a falon Alhaji. Ƙanin nasa ya ce Yaya komai fa ƙaddara ne, kuma uku cikin huɗu lafiya ne, ina laifi. Alhaji bai musa masa ƙaddara ba, cewa ya yi shi ma uku cikin huɗun aka ba shi. Ita yarinyar ce ta kashe maganar, ta ce Baffa ka yi haƙuri, ni nake kwana da ƙannena a asibiti in ciwon ya tashi, ni nake riƙe ƙafar yayin da ake neman jijiya, ba zan iya ba. Ba ɗakinsu ɗaya ba amma ita ke jinyar. An kawo zancen a gwada ciki tun yana sati 10 zuwa 13, ko a yi dashen ƙwai a zaɓi mara ciwo, duk ana yi amma kuɗi ne masu yawa, na farkon kuma yana kai mutum ga tambayar da ba wanda ke son amsawa a falon. Aka mayar da kayan sa rana. Har yau gaisuwar 'yan'uwan biyu bata koma yanda take ba, matansu kuwa ko biki ne sai dai kowa ta zauna a nata ɓangaren.

Akwai abinda akwatin bai iya faɗa ba ko a cikin gidan nan. Yaran biyu duk SS ne, harafi ɗaya, amma namijin kusan duk sanyin hunturu sai an kwantar da shi, macen kuwa sai ta yi wata da watanni ba abinda ya same ta, gwaji ya nuna F ɗinta na jarirai bai sauka sosai ba, kuma wasu ƙwayoyin gadon daban ne ke juya wannan. Haka masu turo min tambaya wai in fara ta auri baƙi kashi nawa ne ɗan zai yi fari, ko tsawo, waɗannan ƙwayoyin gado masu yawa ne suka taru a kansu ba'a zana su a gida huɗu. Zabiya ce ke bin tsarin sikila, iyaye baƙaƙe biyu masu ɗauke da shi a ɓoye, ɗaya cikin huɗu a kowane ciki, kuma nan ma uwar ake fara kallo. Masu ce min ni O ne kuma, wannan rukunin jini ne, ba ruwansa da jinotayif.

Yanzu yaran suna zuwa kilinik ɗin sikila, folik asid kullum, maganin kariyar maleriya, gidan sauro, ruwa a gora duk inda zasu, namijin an ɗora shi a kan haidroksiyuriya wanda ke ɗaga F kuma kwanciyar tasa ta ragu. Cikin na biyar ya zo mace, wannan karon ba'a jira kumburi ba aka gwada ta tun tana jaririya aka kuma maimaita daga baya, AA. Gwaggo ta ce ai dama ta faɗa, lissafinta ne ya ɗan yi latti. Alhaji yana son a ƙara ko da ɗaya ne, amarya ta ce ita asibiti zata a yi mata tazarar haihuwa, kuma a kan wannan ake ja yanzu, an kai maganar gaban Hajiya bata ce komai ba tukuna.